Mastar Nano da Mikro-Ilektaronik a Waje: Inda Ɗaliban Damagaram Suke Tuntuɓe

Da zarar hunturu ya kama, sai ka ga ƙannenmu da suka gama lisansi a Jami'ar André Salifou suna zirga-zirga da ambulan cike da takardu, kowa na cewa nano zai tafi karantawa. Madalla da buri. Sai dai dosiye da yawa tun daga gida suke mutuwa, kuma dalilan ba su cika canzawa ba.

Babban kuskuren shi ne rashin sanin me ake nema. Wani ya ɗauka gyaran waya ne aka ɗaga wa daraja, don hannunsa ya faɗa wajen liƙa dalma a rumfar wansa a kasuwar Dole. Ba nan gizo ke saƙar ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashi kuwa ya kai nanomita 80,000 ko kusa da haka. A wannan ƙanƙantar, lantarki ba ya bin ƙa'idar da aka saba da ita a wayar gida. Shi ya sa masu tantancewa suke fara duba makinka a fizik ɗin kwantum, da fizik ɗin semikondakta (sinadarai irin su silikon da ake ƙera kayan ilektaronik da su), da lissafi. In nan ne rauninka, gyara shi kafin ka aika komai.

Har ila yau, fannin reshe biyu ne, kuma ɗalibai kaɗan ne ke iya bambanta su. Akwai ƙera guntun silikon, wato ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, wanda sai a ɗakin da ake tace iskarsa, inda ƙwayar ƙura ɗaya ke lalata aikin makonni. Mu da harmatan ke shigar mana da ƙura har cikin kwanon tuwo mun san nisanmu da irin wannan ɗaki, kuma babu masana'antarsa a Nijar. Akwai kuma zana da'irar lantarkin, wanda kwamfutar hannu ta ishe ka ka fara. Manhajojin zanen LTspice da KiCad kyauta ne. Tun 2020 kamfanonin Google da SkyWater suka buɗe wa kowa ƙa'idojin zanen guntu na nanomita 130. A ganina, mai niyyar dawowa gida ya fi dacewa da zane, ko da fannin sinadaran faifan sola da batir, don ilimin zai biyo shi a jaka. Wanda ya zaɓi ƙira, ya san cewa aikinsa na can waje, ya kuma faɗa wa iyayensa gaskiya tun yanzu.

Sai kuskuren kafa ido a kan Faransa kaɗai. Gaskiya Grenoble gari ne na wannan sana'a: akwai cibiyar bincike ta CEA-Leti, akwai makarantar Phelma mai mastar haɗin gwiwa da jami'o'in Torino da Lausanne, ga kamfanin STMicroelectronics a Crolles kusa da shi. Amma ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe tun Janairun 2024, batun biza ya zama dutse a gaba. Ka baza komarka. Jami'ar KU Leuven ta Beljiyam, maƙwabciyar cibiyar imec, ita ke jagorantar mastar nano ta Erasmus Mundus, shirin karatu na Tarayyar Turai, tare da jami'o'in Dresden da Chalmers da Grenoble da Barselona. Turkiyya na buɗe neman bursunta a intanet a watannin Janairu da Fabrairu. Guraben Maroko da Aljeriya ta hannun gwamnati suke zuwa, don haka a riƙa bibiyar sanarwar ANAB, hukumar bursu ta Nijar. Kuma kada ka raina Abuja: jami'ar AUST na koyar da kimiyyar sinadaran ƙira, ba jirgin sama, ba sanyin Turai.

Ingilishi kuma ana barin sa sai ƙarshe, alhali mafi yawan waɗannan darussa da shi ake yi. Turancin cinikin Kano ba zai ci jarrabawar Ingilishi ta IELTS ko TOEFL ba. Ware wata shida, ka kuma tuna sakamakon shekara 2 kawai yake aiki.

Ga wani da ke ba ni haushi don sauƙin kauce masa. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, ta bak ta ce Mahamane, fasfo ya ce Mamane. A unguwar Birni kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikaciyar jami'a a Dresden mutum uku take gani. Ka baje takardunka a tabarma yau, ka bi su harafi-harafi har da ranar haihuwa, don gyaran na iya kai ka kotu, ko Yamai mai nisan kusan kilomita 900.

Samun gurbi ba shi ne samun bursu ba. Na san wanda aka yi wa walima a gida, aka yanka rago, sannan aka gane kuɗin zama na wuyansa. A 2025 Jamus na neman ɗalibi ya ajiye yuro 11,904 na shekara guda, wato sama da sefa miliyan 7 da dubu 800. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka bursun Turkiyya ko na Erasmus Mundus, ka riƙe aljihunka, neman su da kanka ake yi.

Wasiƙar shaida kuma, bar neman ta wurin ɗan majalisa ko wani babba na unguwa. Malamin da ya duba aikinka na ƙarshen lisansi ake so, wanda zai iya rubuta cewa ka auna yadda zafin watan Afrilu ke rage ƙarfin faifan sola, da abin da ka samu. Ka je ofishinsa da ƙafarka wata biyu kafin a rufe karɓa, ɗauke da makinka da sunan kwas ɗin da kake nema.