Yadda Ake Ɗumama Gida Ɗaki-Ɗaki da Bawul ɗin Radiyeta

A yawancin gidajen Ingila, tukunyar gas ɗaya ce ke dafa ruwa, wani inji ya tura shi cikin bututu zuwa radiyetar kowane ɗaki, wato ƙarfen da ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama ɗakin. Idan ma'aunin zafi mai kunna tukunyar da kashe ta ɗaya ne kawai a bangon falo, gidan duka falo yake bi, har ɗakin da babu kowa a ciki. Gas ke ƙonewa a banza.

Maganin yana jikin bawul ɗin da ke gefen radiyeta, wanda ake kira TRV, mai rage ruwan da ke shiga idan ɗaki ya kai zafin da aka saita. Lamba 3 a kansa tana nufin kusan digiri 20, alamar ƙanƙara kuma tana hana bututu daskarewa ne kawai. Don kowane ɗaki ya samu nasa lokaci da nasa zafi, a cire kan bawul ɗin mai lambobi, a ɗaura mai batir, irin na tado, Drayton Wiser ko evohome. Ba sai an zubar da ruwan bututu ba, domin kan kaɗai ake kwancewa, jikin bawul yana nan. A duba girman bakin bawul kafin a saya: yawanci M30 x 1.5 ne, amma na kamfanin Danfoss sai da mahaɗi.

Kafin a ɗaura sabon kai, a danna ɗan tsinken ƙarfen da ke tsakiyar bawul. Ya kamata ya shiga ya dawo. Bayan watannin zafi yakan maƙale, radiyeta ta ƙi ɗumi. A ɗan ƙwanƙwasa jikin bawul a hankali, kada a fizge tsinken da filaya, ruwa zai iya tsiyaya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗakin da ma'aunin bango yake. Radiyetar wannan ɗakin a bar ta a buɗe, in ba haka ba bawul ya rufe, ma'auni na ta neman zafi, tukunya ta yi ta ci. Haka kuma dole ruwa ya samu hanyar zagayawa idan duk bawuloli sun rufe, ko ta bututun kewaye, ko ta radiyeta ɗaya da ba a rufewa, galibi ta banɗaki.

Labule ko kujera kada su rufe kan bawul, don zai ji zafi ya yanke alhali ɗakin da sanyi. Ɗakin da aka rage wa zafi kuma a rufe ƙofarsa.