Yadda za a canza zanen gini ba tare da aiki ya tsaya ba

Masu kula da gini a nan Damagaram sun yi ta tambayata: in mai gida ya canza ra'ayi ana tsakar aiki, yaya za a yi? Ga matakan.

1. Rubuta canjin a takarda, da kwanan wata. Saƙon murya na WhatsApp bai isa ba.
2. Kai wa wanda ya zana ginin ya duba.

Hattara: kada a rushe bango ko a gusar da ginshiƙi kafin ya amince. Nauyin rufi yana kansu.

3. Sa magini ya ƙirga siminti, ƙarfe, bulo da kwanakin da za su ƙaru.
4. Nuna wa mai gida lissafin, ya sa hannu. Ko babanka ne, ka ce: "Alhaji, a taimaka a sa hannu."
5. Sayi kayan a ranar. Ƙofa da taga kan daɗe wajen mai walda.
6. Karɓe tsohon zane daga hannun kowa, ka ba su sabo.

Nan ake yawan kuskure: a manta da mai wuta da mai famfo, su binne bututu a tsohon wuri, sai an fasa bango bayan an yi shafe.

7. Mai da ma'aikata ɓangaren da canjin bai taɓa ba.
8. Tsayar da ranar da za a daina karɓar canji, kafin zuba kankaren rufi. In Yuni ya kusa, matso da ita saboda damina.