Ga masu neman asalin kakanninsu a zangon Kumasi

'Yan uwa, idan kakanku ya tafi fataucin goro ya zauna a Ghana, ku nemi sanarwar rasuwarsa a tsofaffin jaridu. Ashanti Pioneer ta fara fitowa a Kumasi a 1939, Daily Graphic kuma a Accra a 1950. Amma kada ku tsaya kan suna ɗaya, don masu bugawa sukan mayar da Sa'idu Seidu, Muhammadu kuma Mahama. Ku lura da sunan garin da ke manne da nasa, Kano ko Katsina, galibi shi ne asalinsa. Tunda mu Musulmi a ranar ake binnewa, sanarwar takan zo daga baya, don haka ku duba har bayan sadakar arba'in.