Darasi na Tara: Kamun Jatan Landen Kogi da Tarko

Ba kowane mai zuwa bakin ruwa ne yake su don neman abinci ba. Akwai masu yi don nishaɗi kawai, su ɗana tarko da yamma, su dawo da safe su ga abin da dare ya kawo. A wannan darasi za mu koyi yadda ake kama wata 'yar halitta ta ruwan daɗi, wato jatan landen kogi.

Ku fara sanin abin da za ku kama

Jatan landen kogi yana da ƙafafu goma. Biyun gaba manya ne, kamar awartaki, da su yake kamun abinci, da su kuma yake kare kansa. Jikinsa ɓawo ne mai tauri, in ya yi masa kaɗan sai ya yi saɓa kamar maciji. Irinsa ya haura 600 a duniya, mafi yawa a Arewacin Amurka. Macen tana riƙe ƙwanta a ƙarƙashin wutsiya har su ƙyanƙyashe.

Da rana ba ya yawo. Yakan laɓe ƙarƙashin dutse, ko cikin saiwar bishiya, ko a ramin da ya haƙa a gaɓar ruwa. In duhu ya yi sai ya fito kiwo, yana bin ƙamshi. Ba ya tsantsani: mushen kifi, ganye, tsutsa, duk yana ci. Wanda ya gane waɗannan halaye biyu, fitar dare da bin ƙamshi, ya riga ya gane yadda tarkon yake aiki.

Tarko da koto

Tarkon keji ne na raga ko na waya, dogo kamar ganga. Bakinsa kamar mazurari yake, da faɗi daga waje, tsukakke daga ciki. Shiga da sauƙi, fita da wuya.

Koton da ya fi jan sa shi ne kifi mai maiƙo, ko kan kifi da kayan cikinsa. Ku ɗaure koton a tsakiyar tarko, ko ku sa shi cikin ɗan gwangwani mai huji-huji. In kuka sake shi haka kawai, za su tsaya daga waje su yage shi ta ragar, ku zo da safe ku tarar ba koto, ba kamu. Sababbin shiga da yawa a nan suke faɗuwa, sai su ce ruwan ne ba komai.

Ku sa dutse a ciki don tarkon ya zauna a ƙasa, domin wannan halitta tafiya take yi a ƙasan ruwa, ba iyo a sama ba. Ku ɗaure igiya a turke ko a saiwa. Wurin da ruwa yake gudu a hankali ya fi, kusa da duwatsu ko gaɓar da ke da ramuka. A magudanar da mutane suka haƙa don jiragen ruwa ko don ban ruwa, ku kula da santsin gefe, don sau da yawa zurfin yana farawa ne daga baki. Lokacin ɗumi kamu ya fi yawa. In ruwa ya yi sanyi sosai, ba su cika motsi ba.

Kada tarko ya wuce kwana ɗaya ba ku duba shi ba. In sun taru da yawa a ciki kuma koto ya ƙare, junansu suke ci. Wajen ɗauka, ku riƙe shi ta baya, daidai bayan manyan hannuwan, a nan ba ya iya juyowa ya cafke yatsa.

Abin da ya sa doka ta shigo ciki

Mutum zai ce, don ɗan wannan abu har sai an nemi izini? To, ga dalili. Cikin shekarun 1970 an kai wani iri ɗan asalin Amurka zuwa Ingila don kiwo. Ya tsere ya shiga koguna. Ya fi na gida girma da faɗa, yana rarake gaɓar ruwa har ta zube, kuma yana ɗauke da wata cuta da ba ta cika yi masa illa ba, amma tana kashe irin na Turai. Yau na gida ya yi ƙaranci a Ingila, doka ta hana kama shi sai da lasisi na musamman. Baƙon ma sai da izinin hukumar kula da muhalli da na mai filin, kuma in an kama shi ba a mayar da shi ruwa.

Can an kayyade har girman tarko: tsawonsa kada ya wuce santimita 60, faɗin bakinsa kada ya wuce santimita 9.5. Wannan don kiyaye karen ruwa ne, wata dabba mai cin kifi. In bakin ya yi faɗi sai ya cusa kai yana bin kifin koto, ya kasa fita, ya nutse. A Kenya ma an zuba wani irin na Amurka a tafkin Naibasha wajen 1970, ya yaɗu, ya cinye tsirran ruwa da yawa.

Saboda haka, duk inda kuke, ku tambayi dokar wurin kafin ku jefa tarko. Kada ku ɗauki mai rai daga wannan ruwa ku saka a wancan. Cutar da muka ambata tana maƙale wa jiƙaƙƙen tarko da takalmi, don haka ku wanke kayanku, ku shanya su su bushe ƙarau, aƙalla kwana biyu, kafin ku kai su wani kogi. A ganina wannan ya fi iya ɗana tarkon muhimmanci.

In za a ci, a dafa shi ya nuna sosai. Ɗanyensa yana iya ɗauke da tsutsar da ke kama huhun mutum. Wanda kuka tarar ya riga ya mutu a tarko, ku jefar.

Aiki

Ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ku rubuta jimla ɗaya da kowace: tarko, koto, saɓa, mazurari, gaɓa.

Ku amsa a littafinku: Me ya sa ake ɗana tarko da yamma? Don me aka kayyade faɗin bakin tarko a Ingila? Idan kun ɗana tarko 4, kowane ya kama 15, nawa kuka samu gaba ɗaya?