Kurakuran da ke kashe mana tafkuna

A ƙauyukan Kano da Jigawa, da zarar tafki ya fara wari ko kifi ya ragu sai a ɗora wa damina laifi. Sau da yawa kuwa aikin hannunmu ne.

Babban kuskure shi ne noma har bakin ruwa. Idan aka share ciyawar gaɓa, ruwan sama zai kwaso ƙasar gona da takin zamani ya juye a tafki. Laka ta riƙa cike shi shekara bayan shekara, takin yuriya kuma ya ciyar da gansakuka da kainuwa har ruwan ya yi kore shar. Da dare gansakukar nan takan shanye iskar da kifi ke shaƙa, shi ya sa za ka ga karfasa ta taso sama da asuba tana haki. Gyaran ba ya cin kuɗi: a bar 'yan taku tsakanin kunya ta ƙarshe da ruwa, a dasa jema a wurin, kuma kada a watsa taki alhali hadari ya haɗu.

Sai kachala, doguwar ciyawar nan da ke fitowa a cikin ruwa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani a wurare da dama na fadamar Haɗejiya, ita kuwa kachala abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan baki mai cinye shinkafa. Mutane kan banka mata wuta, amma saiwarta na cikin laka, ba a jimawa ta sake tohowa. A yanke ta ƙasa da saman ruwa yadda kututturen zai nutse ya rasa iska, a maimaita idan ta tsiro, a kwashe abin da aka yanka zuwa tudu. Wannan aikin gayya ne, ba na mutum ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kamun kifi da gidan sauro da zuba gamalin, wato maganin ƙwari, a ruwa. Gidan sauro ba ya barin 'ya'yan kifi, gubar kuwa har kwaɗi da ƙwarin da kifi ke ci take kashewa, sannan shanu su sha ruwan, yara su yi wanka a ciki. Sarkin ruwa da mai unguwa su hana wannan, su kuma rufe kamun kifi a farkon damina lokacin da tarwaɗa ke zuba ƙwai.