Yadda za ka samu amintaccen shagon zoben daimon kafin baiko

Zoben alkawari mai daimon ba al'adarmu ba ce tun asali, iyayenmu gwal suka sani a lefe, sarƙa da ɗan kunne da awarwaro, amma yanzu samari da yawa suna son su haɗa da zoben ranar baiko ko sa rana, kuma gaskiya abin yana ba ni tausayi yadda mutum zai tara kuɗi wata da watanni ya shiga shago a ba shi dutsen da bai kai rabin kuɗin ba. Dalilin kuwa a fili yake. Gwal kowa ya san lissafinsa, a ɗora a sikeli a faɗa maka kuɗin giram na ranar shikenan. Daimon ba haka yake ba, duwatsu biyu masu nauyi ɗaya ana iya samun ɗaya ya ninka ɗaya a kuɗi, kuma idonka ba zai nuna maka dalili ba musamman a ƙarƙashin fitilun nan na shago da aka saka don komai ya rinƙa walƙiya.

To abu na farko, tun kafin ka zauna ka tambayi mai shago: dutsen nan yana da takarda? Takardar ɗakin gwaji mai zaman kansa nake nufi, rasiɗin shago daban ne. Wadda duniya ta fi yarda da ita ta GIA ce, cibiyar nazarin duwatsu ta Amurka da aka kafa a 1931, sai IGI da ta samo asali a Antwerp ta ƙasar Beljiyam a 1975. Kowace takarda tana da lamba, kuma yawanci an zana lambar da leza a gefen dutsen, ƙanana sosai sai da madubin ƙara girma ake gani. Ka ce ya ba ka madubin nan nasu mai ninka abu sau 10 ka karanta lambar da idonka, sannan ka fito da wayarka nan take ka shiga shafin GIA ko IGI ka saka ta, nauyi da launi da awon dutsen duk za su fito, ka gwada da abin da ke takardar. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, shi ma zai taya ka nemo lambar. Wanda ya fara cewa "haba Alhaji ba ka yarda da ni ba ne", ko ya ce takardar tana wani reshe, ko ya miƙo maka wani kati da shagon ne ya buga da kansa, ka gode masa ka miƙe.

Abubuwa huɗu ake dubawa a takardar, yanka da launi da tsabta da nauyi, kuma ni a ganina a nan ne ake samun sauƙin kuɗi ko a yi asara. Yanka shi ne gaba da komai don shi ke sa dutse ya mayar da haske, zagayayyen daimon fuskoki 57 ko 58 gare shi, in an yi zurfi da yawa ko an baje shi sai hasken ya zube ta ƙasa dutsen ya yi dishi-dishi komai tsadarsa. A nan kar ka rage, ka nemi wanda aka rubuta Excellent, in ya yi wuya Very Good. Launi kuma daga D yake farawa zuwa Z, D shi ne fari tas kuma shi ne mafi tsada, amma wallahi G ko H in aka ɗora su a zobe ba mai ganewa a wajen biki, in ma gwal ɗin rawaya ne irin wanda matanmu suka fi so har I ko J za su yi kyau saboda launin gwal ɗin yana shiga cikin dutsen dama. Tsabta, wato ƙarancin tabo a cikin dutsen, ita ma haka, matakin da aka rubuta VS2 ko SI1 mai kyau ya isa, sharaɗin kawai ka duba da ido ba madubi ka ga babu baƙin ɗigo a tsakiya.

Nauyi da karat ake auna shi, karat ɗaya giram 0.2 ne, kar ka haɗa shi da karat ɗin gwal da ke nuna ingancin ƙarfe. Farashi yana tsalle ne daidai kan cikakken lamba, rabin karat ko karat ɗaya, don kowa so yake ya ce ya sayi karat ɗaya. Ka tambayi 0.90 ko 0.95, faɗin na karat ɗaya kusan milimita 6.5 ne, na 0.90 bai gaza shi da wani abin a zo a gani ba, amma kuɗin ya sauka.

Sai maganar da nake so ka riƙe sosai. Ka sa mai shago ya raba maka farashi uku: kuɗin dutse, kuɗin gwal bisa nauyi, da kuɗin aiki. Masu dunƙule farashi su ce "zoben nan kaza ne" a nan suke ɓoye riba, ba ka san ko dutsen aka ƙara wa ko aikin ba. In ya raba, gwal dai ka san kuɗin giram na ranar, dutsen kuma ka ɗauki bayanan takardarsa ka duba shafukan masu sayarwa na waje irin su Blue Nile ka ga nawa ake sayar da mai irin wannan siffar, ka lissafa da canjin dala. Ba sai ya zo daidai ba, mai shagon ma yana biyan haya da kwastan, amma in ratar ta yi yawa ka san inda ka tsaya. Kuma ka zagaya shago uku ko huɗu da bayani iri ɗaya, kar ka saya a ranar farko ko an ce wani na zuwa ɗauka da yamma.

Ka juya cikin zoben ka ga hatimi. 750 shi ne gwal mai karat 18, 585 shi ne 14, 875 shi ne 21, 916 shi ne 22. Na san mu 21 da 22 muka fi daraja, amma suna da laushi, ƴan haƙoran nan da ke riƙe dutsen suna iya lanƙwashewa dutsen ya faɗi, shi yasa yawancin zoben daimon a kan 18 ake yin su, ba rowa ba ce. Ka taɓa dutsen da farce ka ji ko yana motsi, ka goga zoben a jikin mayafi ka ga ko yana kama zare. Farin gwal kuma shafe ake masa na wani farin ƙarfe, rodiyam, yana gogewa bayan wani lokaci sai an sake, ka tambaya ko shagon yana yi.

Akwai kuma daimon na ɗakin gwaji, wato wanda ake ƙerawa ba haƙo shi aka yi daga ƙasa ba. Daimon ne na gaske, sinadarinsa da ƙarfinsa ɗaya da na haƙowa, sai dai farashinsa ya faɗi warwas a shekarun nan, har babban kamfanin daimon De Beers ya sanar a 2025 cewa zai rufe Lightbox, sashensa mai sayar da irinsu. Ba laifi ba ne ka saye shi, ga mai ƙaramin ƙarfi ma ni shi nake ba da shawara, laifin shi ne a sayar maka da shi a kuɗin na haƙowa, kuma takardar tana faɗa ƙarara wanne ne. Moisanait da zarkoniya su kam wasu duwatsu ne daban masu kama da daimon. Na'urar nan mai kama da biro da ake dangwalawa ta yi ƙara kar ka dogara da ita kaɗai, mai auna zafi kawai tana yi wa moisanait ƙarar kamar daimon, kuma ba ta bambance na ɗakin gwaji da na haƙowa.

In Dubai za ka saya ko ka aiki wani, kasuwar gwal ta Deira akwai zaɓi da yawa kuma ana ciniki, akwai harajin kaso 5 cikin ɗari da baƙo zai iya neman a mayar masa a filin jirgi in shagon yana cikin tsarin. Amma aike yana da haɗari, ka sa a turo maka hoton takardar da bidiyon lambar kafin ka tura ko sisi. Haka masu talla a Instagram, in babu shagon da za ka taka da ƙafarka ka koma in matsala ta taso, ka haƙura.

Kar ka ɗauki daimon a matsayin kadara irin gwal. Mace tana sayar da sarƙarta ranar buƙata ta samu kusan kuɗinta, wani lokaci har da riba, daimon kuwa in ka mayar abin da za a taya ka zai ba ka mamaki, na ɗakin gwaji ma ya fi faɗuwa. Zancen wai sai ka kashe albashin wata biyu ma daga tallan De Beers ya fito, ba doka ba ce, ga sadaki ga lefe ga haya suna jiranka. Ka yanke iya kuɗinka tun daga gida.

Ranar biya, a rubuta maka a rasiɗi lambar takardar, nauyin dutse, nauyin gwal da karat ɗinsa, na haƙowa ne ko na ɗakin gwaji, kwana nawa kake da su in za ka mayar, da ko gyaran girman yatsa kyauta ne. Awon yatsa kuma ka sa ƙanwarta ko ƙawarta ta samo maka zoben da take sawa a wannan yatsan, don zoben da aka jera wa ƙananan duwatsu zagaye gaba ɗaya yana da wuyar ragewa ko ƙarawa.