Kurakuran da ke ɓata gurasa, daga kwaɓi har bakin tanderu

Gurasa mai kyau ba ta ɓuya. Ko a Babbar Kasuwar Katsina ko wurin masu tsire a Ƙofar Ƙaura, da kin ɗaga ta za ki ji ba nauyi, bayanta ya yi ja-ja, idan kin yage ta ki ga ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Kano aka fi sani da wannan sana'a, musamman unguwar Jakara, amma mu ma nan Katsina gidaje da yawa da ita suke ci. Abin da ke damuna shi ne yadda sababbin hannu ke ɗora wa fulawa laifi, alhali ɓarnar daga kwaɓi ta faro.

Kuskure na farko, kwaɓi mai tauri. Wadda ta saba da burodi ko cincin sai ta ga kwaɓin yana kama hannu, ta yi ta barbaɗa gari har ya daina. To nan ta kashe gurasar. Kwaɓin gurasa sako-sako ake son shi, mai danƙo, wanda idan kin ja shi zai biyo hannu bai tsinke ba. A kilo 1 na fulawa, ruwa ya kai kamar milimita 700, yis babban cokali 1, sukari cokali 3 ko 4, gishiri ƙaramin cokali 1 da ɗan ƙari. Idan yana manne miki, jiƙa hannu za ki yi, kada ki ƙara gari. Sannan a buga shi sosai. Bugun ne ke fito da danƙon da ke riƙe iska a ciki, kuma ba ya samuwa a minti 2. Mai amfani da garin alkama zalla ta ƙara ruwa kaɗan, don dusar tana sha.

Sai ruwan yis. Ruwa mai zafi kashe shi yake yi, da ya kai wajen digiri 60 an gama. Ɗumi kawai ake so, irin na wankan jariri. Idan kina shakkar yis ɗin, jiƙa shi da ɗan sukari a kofi, minti 10. Bai yi kumfa ba, zubar da shi.

Inda na fi ganin ana faɗawa shi ne rashin lura da yanayi. Awon da ya yi miki daidai a watan Janairu ba zai yi a Afirilu ba. Da hunturu kwaɓi na iya yin awa 3 bai motsa ba, sai mai gaggawa ta ninka yis, gurasar ta fito tana warinsa. Maganin shi ne a rufe roba da kyau, a lulluɓe da tsumma mai kauri, a ajiye a ɗaki nesa da iska. Da bazara kuwa, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, cikin awa 1 ya tashi, idan kika tafi wata hidima sai ki tarar ya kumbura ya koma ya zauna, ya yi tsami. A wannan lokaci rage yis, ki kwaɓa da ruwan randa. Kada ki bi agogo, ki bi ido: da ya ninka kansa, lokaci ya yi.

Zaƙi ma yana da iyaka. Sukari idan ya yi yawa, waje ya ƙone tun ciki bai nuna ba, tashin ma ya yi nawa. Masu sa sakarin don tsadar sukari su sani mai saye yana jin ɗacin nan a ƙarshen harshe. Sinadarin bromet kuwa da wasu ke sawa don kumburi, hukumar NAFDAC ta haramta shi saboda illarsa ga lafiya. Don Allah kada ya shiga abincin da yara za su ci.

A bakin tanderu goggona ta koya mini abin da ban manta ba. Ta cika shi da karan dawa, ta kunna, na matso da kwaɓi ina ɗoki. Ta ce, "Tsaya, 'yar nan, dubi bangon." Baƙi ƙirin yake da hayaƙi. Muka jira har baƙin ya cinye, bangon ya yi fari, harshen wuta ya kwanta ya bar garwashi. Sannan ta tsoma hannu a ruwa, ta ɗebo curi, ta faɗaɗa shi a tafin hannu, ta manna da mari guda. Wadda ta manna tun bango bai yi zafi ba, gurasarta toka za ta faɗa. Wadda ta manna wuta na ci, za ta kwashe ta baƙa tana warin hayaƙi. Ruwan hannu ma kada ya yi yawa, yana hana ta kamawa. Mai yi a tukunya ko kasko a gida ta rage wuta, ta rufe, ta juya sau ɗaya.

Na ƙarshe shi ne ɗaure ta a leda da zafinta. Tana gumi, ta yi laɓe-laɓe, kwana 2 fumfuna ta fito. A baza ta a faifai ta sha iska tukuna. Wadda ta kwana ta ɗan bushe kuma ba asara ba ce, ita ce ma ta fi dacewa da bandashe: a yayyafa ruwan ɗumi, a zuba garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai.